Minti Goma Sha Uku

Yaya na cikin duhu yana laluben bakin fim da ɗan yatsa lokacin da Auta ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin wankin hoto.

"Yaya, ka dai ga abin da na rubuta a jikinsa ko? Rage ne. Minti shida."

"Na gani."

"Ranar jiya ba ta wasa ba ce, wallahi. Ko tara ka ba shi bangon nan zai ƙone."

"Ke, tsakanina da ke wa ya koya wa wani aikin nan?"

Ta yi dariya daga bayan ƙofa, ya ji takunta ta koma gaban shago. Dariyar nan ce ta fi sosa masa rai. Da ma ta raini ce, da ya san yadda zai yi da ita. Amma dariya ce ta ƙanwar da ta saki jiki, ta miƙa wa yayanta abin da ya fi komai daraja a wurinta, ta juya baya abinta.

Ya naɗe fim ɗin a kan zobensa, ya zura cikin gwangwanin wanki, ya rufe gam, sannan ya kunna fitila.

Shagon na Babansu ne, shekara arba'in yana kan layin nan tsakanin tela da mai gyaran agogo. Yanzu kowa da kyamararsa a aljihu, don haka abin da ya rage wa gaban shago shi ne hoton fasfo. Yaya ke ɗaukarsa, daga safe zuwa yamma magana ɗaya: ɗaga haɓa, kar ka yi murmushi. Baba kuwa idonsa ya yi hazo, sai zama a kujerarsa ta bakin ƙofa yana gane mutane da murya. Amma ɗakin baya bai mutu ba. A nan ake wanke fim baƙi da fari kamar yadda aka saba tun fil azal, kuma bisa ƙa'idar Baba.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Tsakanin baƙi ƙirin da fari fat, in ji Baba, akwai tsani mai hawa goma. Kafin ka danna, sai ka auna inuwar da kake son a ga abin da ke cikinta, ka ajiye ta a hawa na uku. Sannan ka auna wurin da ya fi haske, ka ga inda ya faɗa. In ya tsaya a bakwai ko takwas an dace, wanki daidai ne, minti tara. In rana ta yi tsanani har haske ya haure tsanin, sai a rage wanki don ya sauko. In kuwa wurin dishi-dishi ne, komai toka-toka, sai a ƙara wanki don farin ya tashi. Inuwa wurin ɗauka ake gyara ta, haske kuma wurin wanki.

Inda gizo ke saƙa shi ne fim ɗin naɗi ba ya rabuwa. Gida goma sha biyu ne a jere, kowane gida hoto ɗaya, kuma wanka ɗaya suke yi, kamar yaran gida ɗaya a baho ɗaya. Ba ka isa ka ba wannan minti shida ka ba wancan goma sha uku ba. Shi ya sa Baba ya kafa doka: naɗi ɗaya, haske iri ɗaya, sannan a rubuta a jikinsa ko rage, ko daidai, ko ƙara.

Yaya ya koyi wannan yana ɗan shekara sha biyar, da ranƙwashi. Auta ta koya daga wurinsa, a kan tebur, da fensir da lallashi. Sai dai ƙirjinta ba ya son warin ruwan wanki, minti biyar a ɗakin baya sai tari ya sarƙe ta. Da haka aiki ya rabu da kansa: ita ta yawata gari da tsohuwar kyamarar Baba, ta dawo ta jefa masa fim a wani kwali da ke kan kantar shago, shi ya wanke ya buga. Shekara shida ke nan, kuma bai taɓa ɓata mata ko gida ɗaya ba.

Makon jiya ne abin ya tsaya masa a rai. Wata mata mai gidan nuna hotuna ta shigo ɗaukar hoton fasfo. Tana jiran ya fito sai ta tsaya gaban bangon shago, inda hotuna goma ke rataye, shida nasa, huɗu na Auta, babu suna a jikin ko ɗaya. Ta ɗaga yatsa ta nuna wannan, ta nuna wancan, ta tsallake, ta sake nunawa. Huɗu ta nuna. Ko bisa kuskure yatsan nan bai sauka kan nasa ba.

"Waɗannan wa ya ɗauka?"

Baba ya washe baki har kunne. "Autata ce. Duk ita ce."

"Wannan bawan Allah fa?"

"Yayanta ne. Shi ne mai wankinmu."

Tela, wanda ya leƙo aron almakashi, ya ce, "Har da guga yake yi, Hajiya, in kina da kaya." Aka kwashe da dariya, har da Yaya, don ba yadda zai yi. Tun daga ranar duk layin suka koma kiransa Mai Wanki. Matar ta ce tana shirya nuni kan mutanen gari da wuraren aikinsu, tana son sabon hoto ɗaya daga hannun Auta, za ta dawo ranar Alhamis da la'asar ta zaɓa. Yau ce Alhamis ɗin.

Auta ba ta zaɓi ko'ina ba sai tsohuwar tashar mota, wadda za a rushe. Nan ne abin ya ƙara masa ciwo, don tashar nan tasa ce, a ransa dai. Shekara nawa yana cewa wata rana zai ɗauki dogon farin bangonta da tsakar rana, da masu dako zaune a inuwar rumfa. Har auna hasken ya taɓa yi, ya rubuta a bayan kalanda. Bai dai je ba. Jiya da safe ta ce, "Yaya, tashi mu je tare, yau ce ranar ƙarshe." Ya ce yana da aiki. Aikin kuwa mutum uku ne suka zo fasfo duk yinin.

Da yamma ta dawo fuska duk zufa, ta durƙusa gefen kujerar Baba tana ba shi labari: yadda ta sa inuwar rumfa a hawa na uku, bango ya haura goma, yadda wani tsohon direba ya jingina da bangon yana shafa shi kamar mai sallama da ɗan'uwa. Baba ya lalubo kanta ya dafa.

"Ashe idon da na rasa ke aka ba."

Yaya na zaune kan benci can ciki, inda hasken taga ke isowa da ƙyar, yana jin su. Ita kuwa tana magana tana wasa da kyamarar a cikinta, kai a sunkuye, don irin kyamarar nan ce da ake leƙawa ta sama. Can ta murza hannun kyamarar ta naɗe fim ɗin, ta rubuta rage, ta jefa a kwali.

Yau da safe daga tagar bas ya ga motar rusau ta riga ta kwantar da bangon. Tashar nan yanzu babu ita ko'ina a duniya sai cikin gwangwanin da ke hannunsa.

Ya auna zafin ruwan sau biyu kamar kullum, ya tarar daidai. Ya zuba, ya danna agogo, ya juya gwangwanin a hankali, ya buga gindinsa kan tebur don kumfa ta tashi. Hannunsa ya san aikin ko da kansa ba ya wurin. Kuma kansa ba ya wurin. Yana can wani ɗaki mai farin fenti da fitilu, inda mutane ke tsaye gaban tasharsa suna karanta sunan ƙanwarsa. Wa zai tambayi wanda ya sauko da bangon daga hawa na goma zuwa takwas? Wa ya taɓa tambayar wanda ya wanke riga in ta yi kyau a jikin mai ita?

Minti biyar. Ya jawo kwalbar ruwan tsayar da wanki kusa.

Minti shida. Agogo ya yi ƙara. Ya miƙa hannu ya kashe ƙarar, sannan ya tsaya.

Bai ce a ransa zai yi ba. Ko a gaban alƙali zai iya rantsewa bai ƙudura komai ba. Hannun ne kawai bai ɗaga gwangwanin ba, shi kuma bai matsa masa ba. Ya zuba wa tsinken agogo ido yana zagayawa. Bakwai. Ya ce bari ya ba shi ɗan ƙari, ai Auta ta cika tsoron rana. Takwas.

"Yaya, an juye?" Muryarta ce daga bayan ƙofa.

"An juye. Har na zuba ruwan tsayarwa."

Da ƙaryar ta fita daga bakinsa sai ya ji wani sanyi-sanyi mai daɗi, irin na wanda ya sosa inda ya daɗe yana masa ƙaiƙayi. A minti tara da sauran gyara, da wahala dai wurin bugawa, amma da an ceci wani abu. Ya sani sarai. Ya ɗauki gwangwanin ya juya shi a hankali, yadda ake yi kowane minti, don ko ɓarna zai yi ba ya iya yin ta da ƙazanta. Goma. Sha ɗaya. Sai da tsinken ya cika sha uku, cikakken ƙara, sannan ya juye.

Daɗin bai kai ƙarshen ɗauraya ba. Lokacin da ya zare fim ɗin ya ɗaga shi ga fitila, ya riga ya san abin da zai gani.

A jikin fim komai a juye yake, fari baƙi ne, baƙi fari. Bangon tashar ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Babu tsaga, babu rubutun da yara suka yi da gawayi, babu tabon hannun tsohon direba. Shi kansa direban rigarsa ta narke cikin bangon, sai kai da takalmi. Gida ɗaya, biyu, uku, har sha ɗaya, duk haka. Aikin ya yi yadda ya so, kuma bai taɓa jin ƙyamar aikin hannunsa irin ta yau ba.

Sai gida na sha biyu.

Wannan ba tasha ba ce. Wani mutum ne zaune kan benci, kuma tun kafin ya sa gilashin dubawa ya san fim ɗin ya yi kyau irin wanda mai wanki ke samu sau ɗaya a shekara. Kowane hawa na tsanin na nan a mazauninsa. Ya ɗauki lokaci bai gane mutumin ba, saboda fuskar a juye take. Biron da ke aljihun rigar ne ya tona masa: shi ne da kansa.

Ya rataye fim ɗin ya bushe. Ya fita ya ɗauki fasfo biyu, ya ce a ɗaga haɓa. Wajen azahar, da ba sauran abin fakewa, ya shimfiɗa shi kan teburin haske ya kira ta.

Auta ta sunkuya da gilashi a ido. Ta bi gida na farko, ta daɗe. Ta matsa na biyu. Daga na huɗu ta daina daɗewa. Yana tsaye yana kallon bayan wuyanta, yana jiran ihu, don ya tanadi amsar ihu. Ba ta yi ba.

"Minti nawa?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ina jin ma'aunin zafin nan ne ya fara..."

"Yaya." Ta ɗago. Idonta ya kawo ruwa amma muryar ba ta rawa. "Ma'aunin da kake gwadawa sau biyu kowace safiya? Dubi lambobin gefen fim ɗin yadda suka yi baƙi. Kai ka koya mini karanta su. Minti nawa?"

Ya dubi ƙasa. "Sha uku."

"Sha uku." Ta gyaɗa kai a hankali. "Ba mantuwa ba ce ke nan. Mai mantuwa ba ya tsayawa daidai kan ƙara."

Ta juyo ta fuskance shi.

"Na ce ka zo mu je. Da ka ce kai kake son ɗauka, wallahi da na miƙa maka kyamarar na riƙe maka jaka."

"Ba a ba ni nake so ba," ya ce, kuma shi kansa sai da maganar ta fito ya san ita ce gaskiyar.

Daga bakin ƙofa Baba ya ɗaga murya. "Kun yi shiru. Ya fito kuwa?"

Auta ta share ido da bayan hannu. "Ɗaya ya fito, Baba."

"Ɗaya cikin sha biyu? Ai kin yi ƙoƙari. Ni a zamanina sai in ƙona naɗi uku ban samu na ratayewa ba."

Ta koma kan gida na ƙarshe, ta daɗe a kansa fiye da duk sauran. Da ta yi magana, ƙasa-ƙasa ta yi, don kar Baba ya ji.

"Gida ɗaya ya rage mini jiya, na ce kar ya tafi fanko. Na san rage zai kashe shi, wurin ba haske. Na ɗauka ne a kan ba zai fito ba." Ta ajiye gilashin. "Buga mini shi. Babba."

"Auta..."

"Matar nan na zuwa la'asar. Ka bar mini wani ne?"

Ta ɗaure hanci da gyale ta bi shi ɗakin baya, abin da ta shekara ba ta yi ba. Ƙarƙashin jar fitila ya saka fim ɗin a injin bugawa, ya daidaita, ya haska takarda. Ko gwaji na biyu bai buƙata ba. Ya zura takardar cikin tire yana girgizawa, su biyu suna kallo.

Idanun ne suka fara fitowa. Sannan gira, sannan bakin da aka datse, sannan hannaye biyu da suka matse gwiwa. Mutumin na zaune cikin inuwa, inuwar kuma a hawa na uku take cif, ana ganin kowane zare na rigarsa. Hasken taga ya shafi gefen fuskarsa ya tsaya a takwas, bai ƙone ba. Ba kyamara yake kallo ba, wani abu yake kallo a gefe, sama da ita kaɗan, daidai inda hannun Baba yake a kan Auta. Yaya ya sha jin ana cewa hassada, ya sha faɗa a kan wasu. Bai taɓa sanin tana da kama ba, balle a ce kamarsa ce.

Ya jawo wata takardar. "Bari in sake. In ɗan danne wajen idon, ya yi ƙarfi da yawa."

Ta riƙe masa hannu, tana tari cikin gyale. "Kar ka taɓa idanun. Haka suke."

Matar ta iso la'asar sakaliya, ta gaida Baba, ta tambayi tasha.

"Ba ta fito ba," in ji Auta. "Wannan ne kawai."

Matar ta karɓi hoton, ta matsa bakin ƙofa wurin haske. Ta miƙa hannu nesa, ta kawo kusa. Shagon ya yi tsit, har ana jin keken tela ta bango.

"Ikon Allah," ta ce. "Na zo neman bango na samu mutum." Ta dubi hoton, ta dubi Yaya da ke tsaye bayan kantar, ta sake duban hoton. "Au, kai ne! Malam, me kake kallo haka?"



"Mu yake kallo," in ji Auta. "Ni da Baba."

"Shi zan ɗauka. A bakin shiga zan sa shi, kowa ya fara cin karo da shi." Ta ciro ɗan kati daga jaka ta miƙa wa Auta. "Rubuta sunanki yadda kike son ya fito."

Auta ta jingina da kanta ta rubuta. Ba ta miƙa ba, ta ƙara layi na biyu a ƙasa. Daga inda yake tsaye Yaya na iya karantawa a juye, aikinsa ke nan. Ta rubuta wanki, ta rubuta sunansa cikakke har da na Baba, sannan ta ƙara: minti goma sha uku.

Matar ta duba. "Ba mu saba sa mai wanki ba fa."

"A sa. Ba don shi ba da hoton nan bai fito ba. Ki tambaye shi."

"Haka ne?" in ji matar.

"Haka ne," in ji Yaya.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa don murna. "Kun gani ko! Ni dai na san wankin yaron nan babu irinsa a garin nan, faɗa ne kawai ban yi. Yau ga sunanka zai hau bango. Kai, ba za ka gode wa ƙanwarka ba?"

"Na gode," ya ce.

Auta ta raka matar har bakin titi, ta dawo ta rataya kyamara a wuya. A cikin kwalin da ke kan kanta akwai naɗi biyu da suka kwana uku suna jiran wanki, ɗaya daidai, ɗaya ƙara, da rubutun hannunta. Ta tsaya ta dube su. Sannan ta kwashe su ta zuba a jakarta, ta ja zif, ta ce wa Baba sai da safe.